Farin Kwali da Shuɗin Kwali

A asibiti ba mai kiran ta da sunan yanka. Minti Ɗaya ake ce mata, tun daga shugabar ma'aikatan jinya har masu goge ƙasa. In ta ɗora yatsu a wuyan hannun majinyaci za ta ƙirga bugun zuciya, ko gobara ta tashi sai ƙaramin agogon da take maƙalawa a ƙirji ya zagaya cif kafin ta ɗaga kai. Abokan aikinta kan ƙirga na sakan goma sha biyar, su ninka sau huɗu, su ƙara gaba. Ita kuwa cewa take zuciyar tsoho ba ta san ninki ba, tana iya tafiya lafiya lau ta yi tuntuɓe a sakan na hamsin.

Wannan halin ne ya fara jan hankalin Auta gare ta. Malamin lissafi ne a makarantar sakandare, ɗan lelen mahaifiyarsa Hajiya. Shekara biyu ke nan suna tare, shekara biyu Hajiya na cewa ita ba ta ga abin so ba a macen da ke wuni tana taɓa jikin mutane da sunan aiki. Tana da wadda ta zaɓa masa, 'yar yayanta Kawu Mai Kemis, yarinya mai ladabin da har ya yi yawa, irin wadda in ta durƙusa gaida mutum sai ya gaji ya ce ta tashi.

Da ciwon zuciyar Hajiya ya motsa, ta yi mako guda tana amai ba ta cin abinci, sai Auta ya ga ƙofa ta buɗe.

"Ki zo ki duba ta ranar Asabar," ya ce. "Amma don Allah a matsayin 'ya za ki zo, ba nas ba. Ki bar asibiti a asibiti."

"Na ji."

"Ki yi mini alkawari."

Ta yi masa, kuma Allah shi ne shaida ta yi niyyar cikawa. Ta sa mayafinta mafi girma, ta sayi lemo da ayaba, ta shiga falon nan da sallamar da ita kanta da ƙyar ta ji.

Hajiya na kishingiɗe a doguwar kujera, ta rame, leɓe ya bushe. Kawu na hakimce a kujerar gefe yana kaɗa makullin mota. 'Yarsa na durƙushe gaban ƙaramin tebur cike da kwalayen magani, ga wasu maƙwabta mata biyu da suka zo dubiya. Minti Ɗaya ta zube a kan kafet ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Hajiya ta amsa da "lafiya" guda ɗaya tak, ta mayar da kai ga 'yar Kawu.

"Wai wa ya canja mini labule ne? Ni fari na sani, yau duk ya koma rawaya. Ƙwan fitilar nan ma wani zobe ya yi."

Aka yi dariya, aka ce jiri ne na rashin cin abinci.

Minti Ɗaya ta dubi labulen. Fari ne tas. Amai, ƙin abinci, ganin rawaya, duka a jikin mai shan maganin zuciya, ko ɗalibar jinya ta san wannan ba jiri ba ne. Ta dubi Auta, shi kuma ya yi mata alama da ido cewa ta tuna alkawari. Ta haɗiye maganar.

'Yar Kawu ta ɓallo ƙwaya ɗaya daga wani farin kwali mai tambarin asibiti, ta ɓallo wata daga shuɗin kwali, ta zuba su a tafin Hajiya, ta miƙa mata ruwa. Garin juyawa gwiwar hannunta ta ture shuɗin kwalin, ya faɗo gaban Minti Ɗaya. Ta ɗauka don ta mayar. To amma ido ne da aka horar, ba ya wuce kwalin magani bai karanta ba. Ta karanta babban sunan, ta sauka ga ƙaramin rubutun da ke ƙasansa, ta kai ido kan farin kwalin.

"Hajiya, don Allah a ɗan dakata."

Hajiya ko kallon ta ba ta yi ba. Ta ɗaga hannu zuwa baki.

Abin da ya biyo baya, ita kanta Minti Ɗaya ba ta san sa'ad da ta yi shi ba. Ta zabura ta cafke wuyan hannun tsohuwar, ta buɗe tafin, ta kwashe ƙwayoyin biyu ta watsa a tebur. Kofin ruwa ya kife a cinyar Hajiya.

Maƙwabta suka ɗauki salati.

"Ke! Lafiyarki ƙalau?" Kawu ya miƙe tsaye. "Sakar mata hannu!"

Ba ta saka ba. Da ɗaya hannun ta laluba jaka ta fiddo agogonta, ta danna yatsu biyu a kan jijiya. Kawu na zuba masifa a kanta, 'yarsa ta fara kuka, Auta na cewa "haba, haba mana", ita kuwa leɓenta kawai ke motsi. Sai da agogo ya zagaya ta saki hannun.

"Arba'in da shida," ta ce. "Hajiya, zuciyarki sau arba'in da shida take bugawa a minti. Maganin nan in bugu bai kai sittin ba ba a bayar da shi, sai an kira likita. Ke kuma biyu ake ba ki."

"Biyun me?" in ji Kawu. "Farin na asibiti ne. Shuɗin nawa ne, ɗan waje, mai ƙarfafa zuciya. Suna daban, kamfani daban. Rabin tsofaffin unguwar nan shi suke sha daga shagona!"

"Sunan saman na kamfani ne, Kawu. Ka duba ƙaramin rubutun ƙasa. Digoksin. Ka duba na farin. Digoksin. Abu ɗaya ne aka sa wa riga biyu. Likita ya rubuta ƙwaya ɗaya a rana, ana ba ta biyu, ga maganin fitsari a kai yana ƙara masa kaifi. Wannan magani, tsakanin adadin da ke warkarwa da wanda ke kisa ba wata tazara. Guba ce ke taruwa a jikinta. Yau ɗin nan ya kamata a kai ta asibiti."

Da ta san yadda kalmar guba za ta sauka a falon nan, da wataƙila ta nemi wata. Kawu ya cire hula ya mayar, ya sake cirewa.

"Ni? Ni ke ba ƙanwata guba? Shekara talatin ina sayar da magani, tun ba a san za a haife ki ba!"

Hajiya ta yunƙura ta tashi zaune, zani jiƙe.

"Auta, wannan ce? Wannan ce ka ce mini mai tarbiyya? Ba ta shigo ba tana murɗe mini hannu, in ta shigo me za ta yi? Yayana, wanda ya riƙe ku tun ranar da ubanku ya rasu, shi za ta tsaya a falona ta kira mai kisa?" Ta nuna ƙofa da yatsa. "Fita. Ki kwashe lemonki. Fita, na ce!"

Minti Ɗaya ta juya ta dubi Auta. Kalma ɗaya take jira daga bakinsa. Shi kuwa ya kafa wa kafet ido kamar an ba shi aikin ƙirga zarensa.

Ta ɗauki jakarta ta fita.

A ƙofar gida ya cim mata yana haki.

"Kin ga abin da kika yi? Shekara biyu ina lallaɓa maganar nan, kin rushe ta a zama ɗaya!"

"Ni na rushe?"

"Me na roƙe ki? Me kika yi mini alkawari? Da kin bari mun fito kin gaya mini a ɓoye..."

"Bayan ta haɗiye? In zuba ido ta haɗiye don kada Kawu ya ji kunya?" Hawaye ya zo mata, na takaici, mai zafi. "Malam, kai ke koya wa 'ya'yan mutane lissafi. Ɗaya da ɗaya nawa? Ba sai ka yarda da ni ba. Ka shiga ka ɗauki kwalayen nan ka karanta da idonka."

"Ba maganar kwali ake ba, maganar mutunci ake. Ki koma ki durƙusa, ki ce kuskure kika yi, ba ki karanta daidai ba. Gobe ni da kaina zan lallaɓa in kai ta wurin likita."

"Kifar da ruwa, zan ba da haƙuri. Riƙe hannun babba, zan ba da haƙuri, ko a gaban unguwa ne. Amma in ce ban karanta daidai ba? In na faɗi haka, yau ɗin nan za a sake ba ta biyu, kuma da bakina za a ba ta."

"Ke nan kin fifita gaskiyarki a kaina."

"Na fifita ran uwarka a kan jin daɗinka. Kai fa, wanne ka fifita?"

Ya ɗaga hannu kamar zai yi magana, ya sauke. Ta fizgo hannun nasa ta juya shi, ta kamo yatsunsa biyu na ɗaya hannun ta danna su a wuyan hannun, daidai gindin babban yatsa.

"Nan. Ka ji shi? Ba da babban yatsa ake ji ba, shi yana da nasa bugun. Ka ƙirga har dogon hannun agogo ya dawo inda ya tashi, ban da ninki." Ta cusa masa agogon a aljihun riga. "Kada ta sake shan ko ɗaya, fari ko shuɗi, sai likita ya gan ta. In za ka kai ta, ka tafi da kwalayen duka. Ni ka bar ni in kana so. Ita kada ka bar ta."

Ta tsayar da tasi ta shige, ba ta waiwaya ba. Sai da suka sha kwana ta bar kukan ya fito.

Labari ya riga ta isa gida. Ɗaya daga cikin 'yan dubiyar nan ta san wata da ta san Umma, mahaifiyar Minti Ɗaya, waya kuma ba ta da wuyar dannawa.

"Murɗe hannu?" in ji Umma tun ba ta gama cire takalmi ba. "Hannun uwar mutumin da kike so ki aura? Ni na koya miki haka?"

"Umma, mutuwa za ta yi."

"Sai ki yi ihu! Sai ki faɗi ki yi birgima! Wa ya ce miki ana taɓa babba? Shekararki ashirin da tara, ƙannen bayanki duk sun tafi. Likitan haƙorin nan sau uku yana turo yayarsa, kin ce dariyarsa ba ta yi miki ba, sai ka ce dariya za ki dafa. Kin liƙe wa malamin makarantar da uwarsa ba ta ƙaunar ganin inuwarki. In za ki je ki ba da haƙuri, tashi in raka ki. In ba za ki ba, ki rabu da ɗan mutane, in aika wa likita ya fito."

"Zan ba da haƙuri a kan hannu. Ba zan ce na yi kuskure a kan magani ba."

"Taurin kan ubanki, Allah ya jiƙansa, shi kaɗai kika gada." Umma ta zauna a bakin kujera tana fifita da gefen mayafi. Can ta sauke murya. "Kin tabbata da abin da kika gani?"

"Kamar yadda na tabbata ke kika haife ni."

Umma ta daina fifita. "To Allah ya sa su kai ta," ta ce.

Kafin magariba sau huɗu Minti Ɗaya tana kiran Auta. Bai ɗauka ba.

Washegari aikin safe gare ta a ɗakin mata. Tana bin gado-gado da keken magani, tana yi wa kowace ƙwaya tambayoyin da ta saba: wannan ce mai shi, wannan ne maganin, adadin ke nan, ta baki ne ko ta jijiya, lokacinsa ya yi? Kowane gado sai hannunta ya kai ƙirji neman agogo, ya dawo wayam, ta yi tsaki ta ɗaga kai ga na bango.

Wajen ƙarfe goma aka turo gado daga sashen gaggawa. Hajiya ce, da robar ƙarin ruwa a hannu, ido a rufe. Auta na biye da rigar jiya a jikinsa, riƙe da baƙar leda.

"Da safe ta tashi za ta banɗaki ta zube," ya ce, ba ya iya haɗa ido da ita. "Na ƙirga yadda kika ce. Talatin da takwas. Na sake ƙirgawa, na ɗauka ni na yi kuskure."

"Ta sha jiya?"

Ya kauda kai.

"Malam, ta sha jiya?"

"Bayan kin tafi Kawu ya ɓallo wasu ya ba ta da hannunsa. Ya ce a gani in guba ce."

"Kana ina?"

"Ina tsaye."

Da ba don farar rigar da ke jikinta ba, da majinyatan ɗakin nan sun ga abin da ba su taɓa gani ba. Ta fizge ledar daga hannunsa ta juya ta bar shi nan.

Likitan da ke aiki ranar ya jera kwalayen biyu a tebur, ya karanta, ya ja dogon tsaki.

"An tsayar da maganin," ya ce. "Gwajin jini ya nuna sinadarin fotashiyam ya yi ƙasa, maganin fitsari ya kwashe shi, shi ya sa abin ya kama ta da ƙarfi. Za mu mayar mata, mu sa ido a kan zuciyar. Da an ƙara kwana biyu, ba nan za a kawo ta ba. Sista, an ce ke kika fara gani. Ki cike fom ɗin illar magani, ki rubuta inda aka samo shuɗin. Wannan ba a sayar da shi sai da takardar likita."

Ta san inda fom ɗin ke zuwa, hukumar da ke sa ido a kan masu sayar da magani. Auta ma ya sani, don yana tsaye a bakin ƙofa aka yi maganar.

Da azahar Hajiya ta farfaɗo sosai, ta aika a kira ta. Minti Ɗaya ta ja labulen gadon ta tsaya daga ƙafa.

"Zauna nan, 'yata."

Shekara biyu tana jiran wannan kalmar daga wannan bakin. Ga ta ta zo, amma ko kusa ba ta yi daɗin da ta zata ba. Ta zauna a bakin kujera.

"Na ji abin da likita ya ce. Kin yi gaskiya, ni kuma na ci fuskarki. Ki yi haƙuri." Hajiya ta numfasa. "Yayana bai yi da mugun nufi ba. Kawo mini yake don ya ga na samu sauƙi. Ranar da mahaifin Auta ya rasu 'ya'ya biyar ya bar mini, ba wanda ya dube mu sai shi. Da shagon nan aka yi karatun Auta. In kika sa sunansa a takardar nan rufewa za a yi, a tozarta shi da furfurarsa. Ki rubuta ni na saya a hannun masu talla a tasha. Wa zai bincika?" Ta miƙo hannu ta kamo nata. "Ki rufa mini asiri, in ba ki Auta. In Allah ya tashe ni, wata mai kamawa ni da kaina zan tura a nema masa."

Minti Ɗaya ta dubi hannun da ke riƙe da nata. Tana son Auta, so na gaske, da tsoronsa da rauninsa duka. Layi ɗaya ne a fom, ba wanda zai sani. Har ta hango kanta a falon nan, ba a kan kafet ba, a kan kujera. Sai muryar Kawu ta dawo mata yana bugun ƙirji da rabin tsofaffin unguwa.

"Hajiya, jiya Kawu ya ce rabin tsofaffin unguwarku shuɗin nan suke sha. A cikinsu akwai masu farin kwali a gida kamar ke. Su ba su da wanda zai ƙirga musu."

"Zan yi masa magana, zai daina."

"Jiya a gabanki aka yi masa magana. Ɓallo wasu ya yi ya ba ki."

Hajiya ta saki hannunta. Fuskar nan ta jiya ta dawo.

"Ashe dai ba kya son sa."

"Ina son sa, Hajiya."

"To ki buɗe kunne ki ji. In sunan yayana ya shiga takardar nan, ko bayan raina ban yarda Auta ya aure ki ba." Ta juya ta fuskanci bango.

A ƙofar ɗakin ajiye magani Auta ya tare ta. Fom ɗin na hannunta.

"Ki taimake ni," ya ce. "Ta yarda fa. Abin da muka shekara biyu muna nema. Layi ɗaya ne."

"Jiya ka ce in ce ban karanta daidai ba. Yau ka ce in rubuta ƙarya in sa hannu. Gobe in na shiga gidanka, me za ka ce in yi?"

"Kawuna ne!"

"Uwarka ce a gadon can!" Muryarta ta tashi, ta danne ta da ƙyar saboda majinyata. "Talatin da takwas, da yatsunka ka ƙirga! Kana tsaye aka kore ni, ba ka ce uffan ba. Kana tsaye aka ɗura mata, ba ka ce uffan ba. Yanzu da aka zo kan shago ka samu baki?"

"Ba ki san yadda yake a wurinmu ba..."

"Na sani. Na kuma san in wata tsohuwa ta zube a banɗaki mako mai zuwa, ba ta da ɗa a kusa, da sa hannuna ta zube. Kai ka ce mini abin da ka fara so a wurina shi ne ba na yanke hanya. Yau kai ke roƙo na in yanke."

Ya jingina da bango ya rufe fuska da tafuka, kafaɗunsa na rawa. Tausayinsa ya kama ta, haushinsa kuma ya fi tausayin yawa.

A gabansa ta dafa fom ɗin a kan keken magani. Ta rubuta sunan maganin, adadin da aka sha, kwanakin da aka yi ana sha, da alamomin da aka gani. Da ta zo layin inda aka samo, ta rubuta sunan shagon da na mai shi, harafi bayan harafi. Hawaye ya ziraro, ta kauda takardar gefe kada ya ɓata rubutun. Ta sa hannu, ta sa kwanan wata, ta kai ofishin likita da ƙafarta.

Da ta dawo ta roƙi abokiyar aikinta, wadda ake kira Sista Doguwa, ta karɓi gadon Hajiya. Ba ta jin za ta iya sake ɗaga labulen nan.

Ƙarfe biyu da 'yan mintoci sai ga Sista Doguwa ta dawo da ƙaramin kofin magani, ƙwayar na ciki.

"Tsohuwarki ta ƙi. Ta datse baki kamar jariri."

"Ta ce me?"

"Ta tambaye ni ko an kai takardar, na ce an kai. Na miƙa mata, ta ce ba ta shan komai sai mara kunyar nan ta duba. Na ce wace mara kunyar, ta ce na san ta."

Minti Ɗaya ta karɓi kofin ta nufi gadon. Ta ɗauki kati ta karanta sunan, ta gwada da na zaren da ke ɗaure a hannun majinyaciyar. Ta duba maganin, fotashiyam ne kamar yadda likita ya rubuta, adadin daidai, lokacin daidai.

Hajiya na nan fuskarta a bango. Amma ta miƙo hannu ta baya ta shimfiɗa a kan zanin gado, tafin na kallon sama.

Minti Ɗaya ta ɗora yatsu biyu a kan jijiya, ta kai ɗaya hannun ƙirji. Ba agogo. Na bangon kuma labule ya tare shi.

Auta da ke tsaye daga ƙafar gado ya sa hannu a aljihu ya fiddo shi, ya matso ya riƙe mata a gaban ido. Agogon ya karkace a hannunsa.

"Riƙe da kyau," ta ce.

Uwar na kallon bango, ɗan na kallon ƙasa, ita tana kallon dogon hannun agogo yana tafiyarsa a hankali, ba ruwansa da kowa. Ta ƙirga har ya dawo inda ya tashi.

"Hamsin da biyar. Yana hawa."

"Kada ki ɗauka na sauya magana," in ji Hajiya, ba ta juyo ba.

"Ban ɗauka ba, Hajiya. Tashi zaune, wannan da ruwa mai yawa ake shan sa."

Ta tallafe ta ta zauna, ta riƙe mata kofin ruwa. Sai da ta ga ƙwayar ta wuce sannan ta sa hannu a kati.

Auta ya miƙo mata agogon.

"Riƙe," ta ce, ba ta dube shi ba. "Ranar da aka sallame ta, in likita ya mayar da farin, kullum sai an ƙirga kafin ta sha. Ni kuma ba na gidan."

Ta ja labule ta fita, ta tura keken magani zuwa gado na gaba. Ta ɗauki kati, sai da ta goge ido sau biyu kafin ta iya karanta sunan.